Karara a Labulen Oga Bulus

Ranar Litinin ta farko a hutun Kirsimeti, shekarar da nake aji biyar na firamare, na kai wa Mama abincin rana a ofishin gwamnatin da take aikin tafireta a Kafanchan. Ina shiga da kwanon fate na tarar da Oga Bulus, shugaban akawu, tsaye a kanta yana zazzaga mata faɗa. Laifinta kawai ta ɗage labulen taga don ta ga takardar da take bugawa. Teburinta a lungu yake, ƙwan lantarkin wajen ya mutu tun damina, na saman teburinsa kuwa yana ci ko da rana tsaka. Ba ya son rana ta taɓa masa sanƙo, don haka da zarar ya shigo, labule da makunnin wuta sun zama nasa shi kaɗai.

"Idan idonki ya mutu, koma ƙauye ki kankare citta," ya ce, ya ja labulen ya rufe. Sauran ma'aikata suka sunkuyar da kai. Mama ta goge ido da bakin zane ta ci gaba da aiki.

Ranar Asabar muka je Nok taya kakata haƙar citta. A bakin rafi karara ta bushe, wadda gashinta in ya taɓa fatar mutum sai ya yi susa kamar zai zauce. Na sa leda a hannu na kankare shi cikin gwangwanin madara. Litinin da sassafe na bi Mama ofis. Mai shara na gama ɗage labule ta fita, na taka kujera na barbaɗe labulen da gashin karara tun daga sama.

Ƙarfe tara Oga Bulus ya shigo ya fizgi labulen. Kafin ya zauna ya fara susar wuya. Kwat ya faɗi ƙasa, riga ta biyo baya, ya ɗauki rula yana kartar baya, daga ƙarshe ya ruga famfo da singileti. Ba wanda ya yi dariya a fili, ba kuma wanda ya tashi taimakonsa. A ranar ya sa aka ƙone labulen, ba a sake sayen wani ba.

A gida Mama ta ga yadda hannuna ya kumbura. "Rifkatu, Yesu bai koya mana haka ba," ta ce, tana shafa mini manja a hankali. Ba ta dake ni ba.

Yau ina da ofishina, kowa na kunna wutarsa yadda ya ga dama, amma Mama ba ta gani sosai, ni ke karanta mata Littafi Mai Tsarki. Na sha roƙon gafarar zunubaina a coci. Wannan dai ban taɓa sa shi ciki ba.