Lanƙwasar Malama

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen kusoshi, ga ƙamshin man keke da ya kama har labule. Yakan ce shi da kunne yake aiki: a taka keke sau biyu, ya faɗi abin da ke damunsa.

Matarsa malamar Hausa ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ita ce ta taɓa sa mai fenti ya sake hawa tsani, saboda ya rubuta "dinki" a allon shagon, ba lanƙwasa a kan harafin farko. Ita kuma sunan da take kiran Kawu da shi Tsohon Ƙarfe.

Bara ya buƙaci littafin bayanin wani sabon keke, masu littafin suka ce sai da adireshin imel. Malama ta buɗe masa na wucin gadi, irin wanda ake amfani da shi sau ɗaya a watsar, in ya shekara ba a leƙa ba a share shi. Don ta ga ko yana aiki, ta ɗauki muryarta ta tura ciki. Littafin ya iso, aka manta da zancen.

Bayan wata bakwai Allah ya yi mata rasuwa. Wayarta kuma ta daɗe da lalacewa, ba a tsira da komai a cikinta ba.

Wata safiya Kawu ya kira ni shago. Yana neman allura ya ci karo da takardar da Malama ta rubuta adireshin a kai, har da kwanan wata. Saura kwana huɗu shekara ta cika. Ya ce shi ba littafi yake so ba, hotunanta ma yana da su. Muryar ce ta fara ɓace masa a kunne.

Na tambaye shi kalmar sirri, ya sunkuyar da kai yana goge sukudireba, ya ce ai sunan da take kiransa ne. Na rubuta a wayata, aka ƙi. Na haɗe kalmomin, aka ƙi. Sai ga gargaɗi cewa saura gwaji ɗaya a kulle.

Kawu ya karɓi wayar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallon abin da na rubuta.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki rubutu? Ina lanƙwasar?"

Na ce masa ba wanda ke sa wannan a kalmar sirri.

"Matar da ta mayar da mai fenti kan tsani?"

Na danne harafin k har ƙ ta fito, na tura. Akwatin ya buɗe. Saƙo biyu ne kacal a ciki, na kunna nata.

Muryar ta fito tare da ƙarar fanka a bayanta: "Gwaji ne. Tsohon Ƙarfe, kana jina? In tabarau kake nema, yana goshinka."

Kawu ya kai hannu goshi. Yana nan kuwa. Ya sauke shi, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce in ajiye masa muryar a wuri uku, kuma in sake kunnawa, wai ƙarar fankar ta hana shi ji sosai.