Fak a Gonar Mama

Ƙasa da inda ruwan Matsirga ke zubowa, akwai wurin da kogin yake buɗewa ya kwanta, da ɗan tsibiri a tsakiyarsa. Tsofaffi sun ce kakanninmu can suke ɓuya in mahara sun taso. Daga baya Turawan jirgin ƙasa suka gano shi, suna zuwa ranar Lahadi su ci kifin gwangwani, su bar mana gwangwanin tukuici. Da suka tafi, tsibirin ya koma hannun mai shi, wato mahaifiyata. Gwaza da cittar da ta noma a wurin su suka kai ni kwalejin horon malamai.

Bayan yaƙin basasa, lokacin da gwamnati ta samu abin hannu ta rasa inda za ta kai, ina koyarwa a Manchok. Na zo hutu na tarar an share gonar tas, Mama kuma sai murna take kamar ranar Kirsimeti.

"Mama, ina gwazarki?"

"Bar gwaza, 'yata! Kawunki ya ce za a yi mana fak."

Kawun nan nawa akawu ne a Kafanchan, mai ɗaura nektai ko da rana na dafa ƙwai. Shi ya kawo manyan gwamnati, shi ya yi tafinta. Fak guda muka sani a ƙasarmu: mota fak, inda ake lodin kaya. Mama da ta yi shekaru tana ɗaukar citta a ka zuwa kasuwa har wuyanta ya ƙage, ta ji mota za ta zo har gona. Ina dalilin gardama?

Na ce, "Haba Kawu, mota a tsakiyar ruwa?"

Ya gyara nektai. "Ke dai karatunki bai kai nan ba. Ci gaba ne." Lallai kam, irin na mai haƙar rijiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma aikin gama ya gama.

Ranar buɗewa 'yan zumuntar mata suka yi waƙa, fasto ya yi addu'a mai tsawo. Aka haye da babban baƙo a kwalekwale, yana rungume da takalmansa. Ga kujerun siminti, ga lilo, ga furannin da ko akuya ba ta ci. Mama ta zo da buhun cittarta, don ta kama layi da wuri. Ta durƙusa gaban baƙon.

"Ranka ya daɗe, ta ina mota za ta shigo?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Mama, ai nan wurin hutawa ne."

"Hutawa? Wane ne ya gaji?"

Aka sake kwashewa da dariya. Kawu ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Damina ta farko ta tafi da lilon. Masu hutawa ba su zo ba, domin a wurinmu wanda ya gaji ba shi da lokacin zama. Amma an ajiye mai gadi, kada wani ya sace hutun. Mama ta koma aron gona a kan tudu mai duwatsu, gwaza kuwa ba ta yi a can.

Wata Lahadi bayan sujada na ce ta zo mu je, ita ma ta ɗanɗana abin gwamnati. Ta zauna a kujerar siminti, daidai inda kunyoyinta suke a da. Ciyawa ta kai gwiwa. Ba ta ma san lokacin da hannunta ya sauka ya fara cira ba.

Mai gadi ya daka tsawa: "Ke tsohuwa! An hana taɓa ciyawar gwamnati!"

Ta saki abin da ta cira. Ta karkaɗe ƙasar a zaninta, ta ɗora hannuwan a cinya, tana kallonsu.

"To," ta ce, "na huta."