Kan da Ba a Dafa Ba

Tun da Allah ya tsaga baki ya huda kunne, ɗan Adam bai kafa dokar da ta kai ta kakata Hassu girma ba: kada ka fara magana sai ka san kunnuwa nawa ne a wurin. Na yi lekkol, wato makarantar boko, na karanta littattafan da suka fi ni nauyi, har yau ban gamu da malamin da ya zo da irinta ba.

Gidanmu yana bayan kasuwa a Tamanrasset, inda babana yake da shagon atamfa. Lokacin sanyi, idan iska ta gangaro daga duwatsu bayan isha'i, sai mu kewaye kaskon gawayi, kowa ya cusa ƙafa ƙarƙashin bargon Kaka. Amma ba ta buɗe tatsuniya sai ta bi mu tana dafa kawuna. Nawa kuwa ƙwanƙwasawa take yi, ta ce, "Ga na mijina, tulu guda, ba ruwa a ciki." In ta ji kan da hannunta bai sani ba, sai an faɗa mata ɗan wane ne, daga wane gida. In ba amsa, ta ja mayafi ta ce barci take ji.

Ranar da yayata ta tambaye ta dalili, tatsuniya ta ba mu.

Wai wata mace ce a wani zango bakin rijiya, mai zaƙin baki, tana yi wa 'ya'yanta uku tatsuniya. Wani dare ta ga inuwa huɗu a jikin zana, ta ji daɗi. Kashegari goma. Daga nan ta bar ƙidaya, ta ɗaga murya don na baya su ji. Su na bayan ba sa dariya, ba sa tari, ba sa amsa amshi. Da tatsuniyoyinta suka ƙare, tsoron kada su watse ya sa ta shiga labarin gidanta: sunan autanta, kusurwar da yake kwana, yadda take jan sunan in za ta kira shi. Gari ya waye tabarmarsa wayam. Sawunsa ya miƙe cikin rairayi, shi kaɗai, ba alamar an ja shi. Maƙwabta suka ce ai da asuba sun ji ita da kanta tana kiransa daga bayan tudu.

Na tambaya me suka yi da yaron. Kaka ta tona gawayi ta ce, "Wa ya sani? Su ba sa ba da labari. Ji kawai suke yi." Daren nan na riƙe fitsari har aka kira salla.

Bayan rasuwarta na buɗe shafi a intanet ina rubuta tatsuniyoyinta. Masu karatuna na farko biyar ne, duk mun haɗa kaka. Sannu a hankali abu ya yaɗu: ɗalibai daga Maraɗi, wata malama a Agadas, direbobin da mota ta lalace musu a In Amgel. Akwai ɗan lissafi a ƙasan shafin da ke nuna yawan waɗanda suka leƙo. Shi nake dubawa kafin in wanke ido. Waɗanda suke yin sharhi ba su kai cikin cokali ba. Sauran karantawa kawai suke yi.

Tatsuniyoyin Kaka ba su fi talatin ba, suka ƙare. Sai na shiga labarin gidanmu. Na rubuta ɗakin baya, inda samarin garinmu na asali da suka ƙetaro iyaka neman aikin gini suke kwana, mafi yawansu ba takardar zama. Na rubuta ɗan kawuna Iliya, ɗaya daga cikinsu, da munsharinsa. Jama'a suka fi son wannan. Wani mai injin ɗab'i ya ce in tattara a yi littafi, ni kuwa na amsa tun bai rufe baki ba.

Ranar da kwalin littattafan ya iso na kai wa Inna guda, ina jiran shi albarka. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce su wa za su karanta. Na ce mutane.

Ta ce, "'Ya'yan wa?"

Sannan ta gaya mini abin da duk karatuna bai nuna mini ba. Kaka ba aljanu take tsoro ba. Ɗakin baya take tsaro, tun a lokacin ba ya rabuwa da baƙi. Yaro ɗaya da ba a sani ba ya isa ya kai magana inda za a zo da mota a kwashe su zuwa iyaka. Inna ta dube ni ta ce, "Halan har ƙofarmu ka rubuta?"

Na rubuta. Koriya, mai tsaga a ƙasa, ta uku daga famfo. A lekkol an yaba mini wajen siffantawa.

Shafin na goge shi kafin magariba. Takarda kuwa ba ta goguwa, kuma mai injin ya riga ya ajiye wasu a wani shago kusa da tasha. Iliya ya naɗe tabarmarsa ya tafi aikin lambu a Abalessa, bai yi mini sallama ba. Inna ta sa aka shafe ƙofar da shuɗi. Ni kuwa duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in tashi in leƙa.

Da na je kwaso ragowar, na tsare mai shagon sai ya siffanta mini duk wanda ya saya: tsayinsa, harshensa, irin takalminsa. Ya ce bai taɓa ganin marubucin da ke wa masu sayen littafinsa tambayar jandarma ba.

Tara aka saya. Na san takwas.