Wuta a Sama, Ruwa a Ƙasa

A shekarun da ma'aikatan Abuja suka cika Suleja, mai gidan da muke haya a unguwar Wambai ya ce yana son ɗakunansa. Maigidana bai yi gardama ba. Ya ce dama yana da fili a bayan gari, ta hanyar Lambata, kuma ya daɗe yana son ya huta da hayaniyar mutane. Ni dai ban taɓa jin hayaniya ta dame shi ba sai ranar.

Filin doguwar gona ce, kanta a bisa tudu, ƙafarta a cikin kwari, inda hanyar fita titi take. Babu turken lantarki, babu famfo. Maƙwabciyarmu ɗaya ce, wata tsohuwa Bagwariya mai noman doya a can ƙasa. Ya sa aka kafa mana ɗaki biyu na katako da kwano a ƙololuwar tudun. Da na tambaye shi dalilin da sai can sama, ya ce saboda wuta.

Shi akawu ne a wani ofis a Abuja, yana da tsohuwar mota da yake zuwa aiki da ita. Kafin ya je ya dawo batirin motar ya cika. Da yamma sai ya kwance shi ya shigo da shi ɗaki, ya maƙala masa wayoyi. Ƙwan fitila ɗaya ya kama, rediyo ta kama, da wata 'yar talabijin marar launi da ke nuna mutane kamar ana yayyafi a kansu. Kafin safiya batir ya yi sanyi, ba ya iya tayar da mota. To a nan tudu yake nasa aikin. Sai ya mayar da batir, ya janye dutsen da ya tare taya, ya shiga, mota ta gangara, kafin ta kai ƙasa ya saki kuloci ta tashi. Ba ya bukatar mai turi. Gaskiya dabara ce, kuma ya san dabara ce, don duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga dutsen.

Da damina muka tare, shi ya sa maganar ruwa ba ta taso da wuri ba. Indararo yana zuba cikin duro biyu, muna sha muna wanki. Da ruwan sama ya ɗauke, maigida ya kawo wani dattijo mai haƙar rijiya. Dattijon ya tsaya ya dubi ƙasa, ya dubi maigida, ko kayan aikinsa bai sauke daga kafaɗa ba.

"Malam, nan dutse ne," in ji shi. "Ruwa yana can wajen doyar tsohuwar nan."

Maigida ya ce a dai gwada. Aka gwada. A gaba biyu suka ci karo da dutse, suka hura masa wuta da itace don ya tsage, dutse ya yi baƙi ya zauna yadda yake. Bayan kwana tara dattijo ya tattara kayansa. Muka rufe ramin da guntun kwano. Daga baya wata kazata ta faɗa ciki, ita ce kaɗai abin da muka taɓa jawowa daga wannan rijiya.

Sai ya zama daga ƙoramar kwari za a riƙa ɗebo ruwa. Maigida ya ce kada in damu, zai riƙa hawo da jarkoki a mota in ya taso daga aiki. Ranar farko motar ta kai rabin tudu da jarka huɗu, ta yi tari, ta fara komawa da baya. Tun daga nan aikin ya dawo kaina. Na naɗe wani tsohon zanena na yi gammo, ina sauka da bokiti ina hawa, ga ni da ciki wata biyar. Ban yi ƙorafi ba, ina jira ya gani da kansa. Shi kuma in ya dawo ya tarar da duro cike sai ya ce madalla, ya shiga haɗa wayoyinsa. Haushin wannan madalla ya fi na hawan tudun ci mini rai.

Tsohuwar nan, wadda ita a kafaɗa take ɗaukar nata kayan, takan dakata da aiki ta bi ni da kallo. Wata rana ta tambaye ni ko mijina makaho ne. Na ce a'a, akawu ne. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da noma.

Ran nan da hantsi santsi ya kwashe ni dab da ƙarshen tudu. Bokiti ya gangara har ƙasa yana ƙara, ni kuwa na zauna a wurin na dafe cikina, ina jira in ji motsi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba. Da abin cikin ya motsa na yi kuka, sannan na tashi na haɗa kayana a ƙullin zane.

Da yamma ya dawo ya kunna talabijin. Na bari aka gama labarai.

"Malam, gobe ka sauke ni a unguwar Magajiya, gidan Inna. In ruwa ya hawo tudu ka aiko mini."

Ya dubi gwiwoyina da suka goge, ya daɗe yana duba. Da safe muka gangara tare, mota ta tashi a inda ta saba.

Mako biyar na yi a gidan mahaifiyata. Duk Juma'a yakan zo ya gaishe ta ya tafi, bai taɓa cewa in koma ba. Na lura tafin hannunsa duk ya yi kanta, amma fushi ya hana ni tambaya. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarsa. A Juma'a ta biyar ya roƙi Inna ta ba shi ni, in je in ga wani abu.

Ɗakinmu na tarar a cikin kwari. Ashe kullum in ya taso daga aiki sai ya ɓalle katako da kwano ya sauko da su, har ya sake kafa ɗakin kusa da gonar doya. A gefe ga sabuwar rijiya, dattijon nan ya samu ruwa a gaba huɗu. Na jefa guga da hannuna, ya fito cike. Na sha, na wanke fuska don kada ya ga idona.

Ya hau da mota can sama ya ajiye ta, ya sauko da batir rungume a ƙirji yana haki. Ya ce tun da na tafi bai kunna komai ba. Na ce to a bar wutar mana, fitilar kananzir ta ishe mu, mota ma ta kwana a ƙofar ɗaki da batirinta. Ya ce shi wuta da ruwa ya yi mini alkawari.

Ranar Litinin da safe ya yi wanka, ya sa rigar ofis mai guga. Ya ɗaga batir ya yi taku kamar goma, ya ajiye. Ya dubi tudun, ya dawo bakin ƙofa.

"Ko za ki ara mini gammonki?"

Na ɗauko na ɗora masa a ka, na kama batir muka aza. Ya tsaya yana neman daidaita wuya.

"Sau nawa kike hawa a rana?"

"Shida."

Ya so ya gyaɗa kai, kaya suka hana shi. Ya juya ya fara hawa a hankali. Tsohuwa ta ajiye fartanya ta zo ta tsaya kusa da ni, muna kallonsa har ya kai wurin da na faɗi. A nan ya tsaya ya daɗe, sannan ya ci gaba.