Rabon Inna a gindin tukunyar Dalsi

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Anti Dalsi, matar yayana Habu, amma har yau duk Lahadin da na ɗora tukunya sai in ji kamar tana tsaye a bayana tana lura da hannuna. 'Yar Jamaika ce, ma'aikaciyar jinya, ga faɗa ga kyauta, kuma kyautar ta fi yawa.

Lokacin da kuɗin mai ya samu a Najeriya ne gwamnati ta turo Yaya Habu Landan karatu, ni ma na biyo shi koyon aikin jinya. Nan ya haɗu da Dalsi, suka yi aure babu kowa daga Kano. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, shirun nan kuwa ya hana Dalsi sakat. Da aka ce Inna za ta zo a duba mata ido, kuma gidansu na unguwar Woolwich za ta sauka, sai Dalsi ta ɗaura ɗamarar yi mata girkin Lahadi irin na garinsu. A wurinsu, wanda ya zauna a teburinka ranar Lahadi ya karɓe ka ke nan. Wanda ya ƙi zama, ya gama magana.

Tun Asabar ta jiƙa jan wake, ta nemo naman akuya wurin mahaucin Musulmi, ta cuɗe shi da garin kori da tafarnuwa ya kwana yana tsumuwa. Da safe ta sa ni gurza kwakwa har yatsuna suka yi jini, tana cewa in daina ragwanta. A ruwan kwakwar ta dafa shinkafa da waken, ta jefa attaruhu guda ba ta fasa shi ba, don ƙamshinsa take so. Ga soyayyar ayaba, ga alayyahu da kifi mai gishiri, ga zobo da citta, wanda a ranar na san su ma suna sha.

Inna ta leƙo, ta ga Yaya Habu zaune a bakin tebur, sai ta ja mayafi ta koma ɗaki. "Binta, kawo mini nawa nan," ta ce da ni. Yaya Habu ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta buɗe baki ta ci abinci a gabansa, ga kuma suruka. Shi kuwa Yaya Habu, da ya girma cikin abin, bai taɓa tunanin yana bukatar bayani ba. Na kai mata a rufe, ta ci, ta bar ɗan saura kamar yadda muka saba.

Dalsi ta dubi sauran nan ta tuɓe rigar girkinta. Na yi ta bayanin kunya, ta katse ni. "Uwa ta ji kunyar ɗan da ta haifa? Kada ki lallashe ni, Binta. Na gane matsayina a gidanku." Ta shige kicin. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don na san idan ranar ta wuce a haka, tsakaninta da danginmu ya ƙare.

Na koma na gaya wa Inna komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ashe ɓata mata na yi?" Sai ta ƙara da cewa, "Ce wa wancan ya fita ya sha iska."

Yana fita ta nufi kicin, ta wanke hannu, ta sauke tukunyar shinkafar ƙasa, ta zauna daɓas ta fara kankare ƙanzo. Ta yafito Dalsi, ta kama hannunta ta tsoma a tukunyar. Matar da ko ruwa ba ta sha a gaban suruki, ga ta tana tauna ƙanzo da surukarta. "Gaya wa 'yata hannunta da albarka," ta ce, "amma ta ƙara yaji." Da na fassara, Dalsi ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba.

Inna ta koma Kano, ba su sake haɗuwa ba. Amma tun daga ranar, duk Lahadi sai Dalsi ta kankare ƙanzo ta rufe a ƙaramin kwano ta ce rabon Inna ne, daga baya a raba wa yara.

Ina tunanin abin da Dalsi za ta ce da ta ga jikokinta yau. Ruwan kwakwa na gwangwani suke saya, idan ƙiwa ta motsa kuma sai ka ji, "Gwaggo, kada ki damu, mun yi order." Na tabbata da ta kore su daga kicin da ludayi. Ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, Jamaika ba su taɓa zuwa ba, Kano ma sai a hoto.

Tukunyar tana hannuna yanzu, ta yi baƙi, murfinta ya lanƙwashe. Lahadin da ta wuce na tara su na yi girkin, sai ga ƙaramarsu ta rungume kwanon ƙanzo tana ihu kada wanda ya taɓa, rabon Inna ne. Na tambaye ta wace ce Inna. Sai ta nuna hoton Dalsi a bango. Ban gyara mata ba. Allah ya ji ƙan Inna, ya saka wa Dalsi da alherinta.