Turmin da Ya Shiga Tsere

A shekarar da aka mai da tuƙin mota hannun dama ina aji biyar na firamare a Birnin Kudu, kuma ba ni da burin da ya wuce in sami abin da zan tuƙa, ko ta wane hannu ne. Arzikin mai ya fara leƙo mu a lokacin. Manyan motoci na ratsa gari su nufi gabas, rabonmu a ciki hayaƙi ne da tsofaffin boris da makanikai ke zubarwa a bayan gareji. Da boris ɗin nan yaran kowace unguwa ke haɗa motar katako, su ne tayoyinta. Ba ta da inji, gangare ne injinta. Akwai wata hanyar jan burji da ke sauka zuwa kogi, a nan ake gwada wa ya fi wa.

Da hutu ɗan goggona ya zo daga Gwaram. Sa'ana ne kuma taubashina, ga shi da hannun gyara. Kwanansa biyu a gari ya tsokano mana 'ya'yan mahauta, ya ce motarsu ko kaza mai kwanci ba za ta tsere wa ba. Aka sa tsere ranar Lahadi ta sama. Sai da aka watse na tuna masa ba mu da mota.

Gangar jiki ba ta ba mu wuya ba. Muka ɓaɓɓalle wani akwatin sabulu, muka sami faffaɗan katako na zama da sanduna biyu na gicciye. Ta baya muka kafe ta da ƙusa. Ta gaba muka ɗaure ta da noti ɗaya a tsakiya don ta riƙa juyawa, muka sa mata igiyar rama hagu da dama kamar linzami. Birki kuwa tsohon takalmin taya ne da muka buga a bakin sanda. Matsalar ita ce boris biyu kacal muka samu, sauran yara sun riga mu tsincewa. Mota kuma, kamar yadda aka koya mana a lissafi, ƙafa huɗu gare ta.

A bayan rumbun gidanmu akwai wani tsohon turmi a kife, ya tsage daga baki har kusan ƙugu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin taɓarya a cikinsa ba, kaji ne ke hawa su yi shelar asuba. Taubashina ya ƙwanƙwasa gindinsa ya ce, "Kirya ce. Tayoyi biyu ne a nan suna barci." Ba mu tambayi kowa ba, don mun san mai tambaya shi ke ba da ƙofar a hana shi. Muka mirgina shi kangon bayan gida, muka ari zarto. Kwana uku muna fama, kirya tana cin zarto, zarto yana cin tafin hannunmu. Muka fitar da faya-fayai biyu masu kauri, maƙeri ya huda mana tsakiyarsu da jan ƙarfe, muka zura rodi. Ragowar turmin muka bar shi cikin ciyawa.

A makon nan ne ake bikin yayata. Ta gama kwalejin malamai, za ta auri wani malamin makaranta mutumin Sara, wanda ta daɗe tana gyara wa Turanci a wasiƙunsa. Mu bikin bai dame mu ba sai ta wajen tuwo. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da mata ke yi ranar wankan amarya, domin kafin a fara ake kore duk wani ɗa namiji daga cikin gida, ko da goye yake.

Ranar Juma'a da hantsi kakarmu ta wajen uba ta aika a kira ni. Ni take kira maigidanta, wasan jika da kaka.

"Maigida, ina turmina?"

"Wanne daga ciki, tsohuwa? Ga su can uku ana daka."

"Wanda ba ya daka."

Na dubi taubashina, ya dubi sama kamar mai neman jinjirin wata. Ba ta ƙara tambaya ba, hannuwanmu ta kama ta juya, ta ga kantar da zarto ya yi mana. Muka kai ta kangon. Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya kuka. Sai ta durƙusa ta shafa tsagar nan da yatsa.

"A kan wannan aka wanke ni a Gwaram," in ji ta. "A bayan jaki ya biyo ni garin nan. Uwar wannan ɗan banzan taubashin naka ma a kansa ta zauna, da ƙannenta duka. Gobe a kan me zan zaunar da yarinya? A kan kujerar gwamnati?"

Gara a ce duka ta yi mana. Yayata, wadda ta biyo mu lulluɓe da mayafi, ƙafa duk lalle, ta leƙa motar ta ce, "Kaka, ki wanke ni a cikinta mana. Ana gamawa sai a tura ni, in gangara har Sara."

"Rufe mana baki, amarya ba ta surutu." Amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Ta sa muka zare tayoyin da hannunmu, muka ɗauko ragowar turmin muka kife a tsakar gida, muka ɗora faya-fayan biyu a inda Allah ya halicce su. Ta zauna a kai ta jijjiga. Babu abin da ya ragu sai abin da zarto ya ci. Ranar Asabar aka kore mu waje kamar kullum, muna jiyo guɗa ta kan katanga, motarmu na jingine a zaure da ƙafa biyu.

Ranar Lahadi na tsaya a ƙofar ɗakin kaka ina zane ƙasa da yatsan ƙafa. Ta bar ni na tsaya har na gaji, sannan ta turo tayoyin da ƙafa.

"Aro ne. Sauka ɗaya, ka dawo min da kayana."

Sun yi ja da lalle, suna ƙamshin turaren wuta. 'Ya'yan mahauta suna shinshinawa suka ɗauki ihu: "Ga motar amarya! Direba, ina ango?" Taubashina ya tura, na riƙe linzami. Ashe itacen ya sha ruwan wanka ya kumbura, ya cije rodi. Muka sauka gangaren nan muna ƙara kamar ƙyauren da bai ga mai ba, cikin natsuwa da mutunci. Ko da muka isa kogi, abokan tserenmu har sun wanke ƙafa. Birkinmu dai ba a taɓa shi ba, yana nan sabo.

Na mai da mata kayanta na faɗa mata yadda aka yi. Ta ce, "To da me ka zata? Abin da ya saba da amare ina ya san gudu?" Ta tura su ƙarƙashin gado, ta ɓantaro min ƙuli-ƙuli.

Gangar turmin gara ta cinye ta bayan rasuwar kaka. Faya-fayan biyu kuwa suna wurin yayata, ita ce tsohuwar gidan yanzu, duk bikin da ya tashi a dangi da su take zuwa a ƙunshe cikin zane. Da aka aurar da 'yata ta fari a kansu aka zaunar da ita. Daga baya ta tambaye ni ramin da ke tsakiyarsu na mene ne, wai ta tambayi goggonta ta ce ta zo wurina, ni ne injiniyan.