Kati Biyu, Ɗaya ga Janairu

Da sunan Allah, wanda ba Ya rikita bawa da bawa.

Maƙwabcina, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Baban Kati, ya shekara ashirin da shida a ɗakin ajiyar bayanan marasa lafiya, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Aikinsa shi ne gano wanda aka buɗe wa kati biyu, ya haɗe su. Mutum ne marar zama. Matarsa takan ce kujerar gidansu ba ta san nauyinsa ba.

Ƙa'idarsa ita ce ba ya haɗa kati sai ya ga mai shi, domin zato, in ji shi, ba ya zama hujja. Da aka zuba bayanai a kwamfuta, ta fito da katuna ɗari huɗu da take zargin maimaici ne, shugaban sashe kuma ya ce a gama kafin Alhamis. Ranar Laraba ya saɓa ƙa'idarsa sau ɗaya: suna ɗaya, titi ɗaya, lambar waya ɗaya, haihuwa ɗaya ga Janairu. Ya haɗe su, sabon kati ya shafe tsohon.

Yana alwalar azahar sai ya tuna. Ɗaya ga Janairu ai su ma'aikata ke rubuta wa duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba. A tsohon katin kuwa akwai jan rubutu cewa allurar penisilin ta taɓa toshe wa mai shi numfashi, kuma da safen nan aka kwantar da mai wannan suna.

Ya haura bene hannu na ɗigar ruwa. Ya tarar da nas riƙe da tire, saura gado biyu ta iso wurin marar lafiyar. Ya tambayi matar da ke jinyarsa ko mijinta na da takwara.

“Ɗan baffansa, Baba,” in ji ta. “Sunan kakansu suka ci su biyun, gida ɗaya muke. Wayar ma tawa ce, su biyun rowa ta hana su saya.”

Da ya ambaci allurar, dariyarta ta ɗauke. Ta ce mijinta ne ta toshe wa numfashi, har an fara yi masa kalmar shahada a wancan karon. Nas ta mayar da sirinji.

Ya sauka ya raba katunan, ya shiga wurin shugaban ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ya ce sauran katunan ba za su kammalu kafin gobe ba. Aka ba shi takardar gargaɗi. Ya ninke ta a aljihu, ya ɗauki waya, ya fara kiran masu katunan ɗaya bayan ɗaya.